Babi na Tara: Luguden Zuciya

Wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude tun kafin ya san sunansa. Mata biyu a kan turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta. Wannan tana saukewa waccan tana ɗagawa, kafin ta farko ta dawo ta biyun ta buga ta ba ta wuri. In hannunsu ya zo ɗaya, dakan da zai kai azahar sai a gama shi da hantsi. In kuwa ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa, taɓare su yi karo a bakin turmi, gero ya watse a ƙasa, wata ma ta ji ciwo.

Na'urar da za mu yi magana a kanta a wannan babi lugude take yi da zuciya. Wani balan-balan ne dogo siriri da ake zurawa cikin babbar jijiyar da ke kwashe jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota. Zuciya ta matsa, balan-balan ya lafe. Zuciya ta saki, balan-balan ya kumbura. Iyakar aikinsa ke nan. Amma ba za a ga hikimar abin ba sai an san wani hali na zuciya da ba kowa ya sani ba.

Zuciyar babban mutum tana tura jini kimanin lita 5 a minti, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Kowane bugu kashi biyu ne, matsawa da saki. Idan tana bugawa sau 75 a minti, zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa guda ba, kuma kusan kashi 3 cikin 8 na wannan ɗan lokaci ne matsawa, sauran 5 saki ne. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna samun mafi ƙarfin rabonsu lokacin da ta matsa. Ita kuwa zuciya kamar uwargida ce mai rabon tuwo, sai kowa ya samu sannan ta zauna ta ci nata. Jijiyoyin da ke ciyar da namanta biyu ne, suna tasowa daga gindin awota dab da ƙyauren da jini ke fita, su yi rassa su nutse cikin naman. Idan naman ya matse sai ya shaƙe rassan da ke cikinsa, kamar mai ban-ruwa ya taka tiyonsa da ƙafarsa. Shi ya sa ɓangaren hagu na zuciya, wanda shi ke ɗauke da babban aikin, yake shan mafi yawan jininsa a lokacin saki.

Ba ta kuma da ajiya. Sauran jiki, idan mutum yana hutawa, kusan rubu'in iskar oksijin da jini ya kawo yake ɗauka, ya bar saura don ranar buƙata. Zuciya tana kwashe kusan kashi uku cikin huɗu tun tana zaune lafiya. In aiki ya ƙaru, ba inda za ta ƙara tatsa, sai dai a ƙaro mata jinin kansa.

Yanzu a ɗauka ɗaya daga cikin jijiyoyin nan ta toshe, wani yanki na naman zuciya ya mutu ko ya sandare. Turin jini ya ragu, ƙarfin jini ya faɗi. Jiki ya ga haka sai ya yi abin da ya saba yi idan jini ya zuba: ya tsuke jijiyoyi, ya sa zuciya gudu. A nan masifar take. Tsukewar jijiyoyi tana ƙara wa zuciyar nauyin da za ta ture kafin jini ya fita, gudun kuma yana cinye lokacin saki, wato lokacin cin abincinta. Ga aiki ya ninka, ga abinci ya ragu. Nama ya ƙara mutuwa, ƙarfin jini ya ƙara faɗuwa. Majinyaci yakan yi sanyi ƙalau a hannu da ƙafa, gumi na karyo masa, fitsari ya tsaya, hankali ya fara gushewa, ruwa ya taru a huhu yana numfashi da ƙyar. Wannan shi ne durƙushewar zuciya, kuma har yau, a manyan asibitocin duniya, kusan 4 zuwa 5 cikin kowane 10 da suka faɗa cikinsa bayan toshewar jijiya ba sa tashi. Akwai magungunan da ake ɗurawa ta jijiya su ɗaga ƙarfin jini, dangin adiranalin. Suna da amfani, amma bulala ce ake tsula wa jakin da kaya ya danne. Zai yunƙura, sai dai kayan yana nan a bayansa.

Abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne dabara ɗaya da za ta rage kayan ta kuma ƙara abincin. A 1953 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Adrian Kantrowitz likitan tiyata da yayansa Arthur masanin kimiyyar fiziks da injuna, suka nuna a jikin karnuka cewa idan aka jinkirta turin jini ya isa jijiyoyin zuciya a lokacin saki, jinin da naman ke samu yana ƙaruwa. Tunanin sa balan-balan a cikin awota ya fito ne a 1962 daga asibitin Cleveland, a hannun Spyridon Moulopoulos mutumin Girka, da Stephen Topaz, da Willem Kolff, ɗan ƙasar Holan ɗin nan da ya ƙera injin wankin ƙoda a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Adrian Kantrowitz ne ya kai abin ga gadon majinyaci. A 1967, a asibitin Maimonides da ke unguwar Buruklin a birnin Niyok, ya sa wa wata mata da zuciyarta ta durƙushe bayan toshewar jijiya. Ta farfaɗo, ta fita daga asibiti da ƙafarta. A watan Disamban shekarar ne kuma ya yi dashen zuciya na farko a Amurka, kwana uku bayan wanda Christiaan Barnard ya yi a Afirka ta Kudu. Jaririn da aka yi wa dashen bai wuce sa'o'i kaɗan ba, duniya kuma ta fi tuna dashen. Ni a ganina balan-balan ɗin ne babban gadon da ya bari.

Da farko sai an tsaga cinya an buɗe jijiya kafin a sa shi. Wajen 1980 aka koma zura shi ta fata, da dabarar da wani likitan Siwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da ita tun 1953: a soka allura cikin jijiya, a zura waya siririya ta cikin allurar, a zare allurar, a bi wayar da bututu. Daga nan ne na'urar ta bazu ko'ina.

Bari mu matsa kusa mu gan shi. Kafin a hura shi, balan-balan ɗin a naɗe yake jikin bututun da bai kai kaurin tsinken alƙalamin biro ba. Tsawonsa ya ɗan ɗara taƙi, wajen santimita 25, kuma na babban mutum yakan ɗauki mililita 40, abin da bai cika cokalin cin abinci uku ba. Ana shigar da shi ta jijiyar da ke mahaɗar cinya da mara, a tura shi sama har ya zauna a sashen awota da ke gangarowa ta bayan zuciya. Wurin zamansa ƙayyadadde ne: bakinsa na sama ya tsaya kamar santimita 2 ƙasa da jijiyar da ke kai jini hannun hagu, gindinsa kuma kada ya sauka kan jijiyoyin ƙoda. In ya hau da yawa hannu ya rasa jini, in ya zame ƙasa fitsari ya ɗauke. Don haka ake ɗaukar hoton ƙirji a duba, a kuma sake dubawa kullum. Ɗaya bakin bututun yana haɗe da wani inji mai taya a gindin gado, da allo a kansa, da 'yar tukunyar iskar hiliyom a cikinsa. Hiliyom aka zaɓa saboda rashin nauyinsa, yana iya ratsa dogon bututu mai ƙunci ya cika balan-balan ya kuma dawo kafin ƙiftawar ido. Wanda ya tsaya kusa da gadon zai ji ƙarar injin, fuf-tak, fuf-tak, tana bin bugun zuciyar majinyaci sau da ƙafa. In zuciyar tana bugawa sau 100 a minti, sau 144,000 ke nan balan-balan zai kumbura ya lafe kafin gobe war haka.

Injin yana karanta layin lantarkin zuciya da kuma layin ƙarfin jini. A layin ƙarfin jini akwai wani ɗan tsagi da ke bayyana daidai lokacin da ƙyauren awota ya rufe, alamar zuciya ta gama matsawa. A kan wannan tsagin ake hura balan-balan. Da ya kumbura sai ya ture jinin da ke wurin, mililita 40 ɗin nan, wani ya yi ƙasa zuwa ciki da ƙafafu, wani ya koma sama wajen gindin awota inda bakunan jijiyoyin zuciya suke, a daidai lokacin da naman ya saki yana iya sha. An ƙara abinci ke nan.

Rabi na biyu ya fi ba ni sha'awa, kuma shi mutane suka fi mantawa. Dab da zuciya za ta sake matsawa, injin ya zuƙe hiliyom ɗin gaba ɗaya. Balan-balan ya lafe farat ɗaya, ya bar gurbi a cikin awota, matsin da ke ciki ya faɗi. Zuciya ta zo tura ƙyaure sai ta tarar ba mai danne shi ta baya kamar da. Duk wanda ya taɓa tura ƙofar ɗakin da aka jibge buhuna a bayanta, sannan aka janye buhu biyu, ya san bambancin a kafaɗarsa. Jini ya fi fita da yawa, da ƙaramin ƙoƙari, da ƙarancin iskar da naman zai ƙona. An rage kaya ke nan. Jimillar ribar ba ta da yawa, rabin lita zuwa lita ɗaya a minti. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Kamar kowane lugude, kuskuren lokaci ne ke ɓata shi. In aka hura da wuri, zuciya ba ta gama fitar da jini ba balan-balan ya tare mata hanya, ya rufe ƙyauren da ƙarfi. In aka makara wajen zuƙewa, zuciyar da ta riga ta gaji za ta matsa a kan balan-balan cike, an mayar da taimako ya zama ƙarin kaya. Waɗannan biyun su ne masu cutarwa. Sauran biyun, hurawa a makare da zuƙewa da wuri, galibi asarar riba ce. Injunan yanzu suna daidaita kansu, wasu da ɗan ma'auni mai aiki da haske a bakin bututun, amma zuciyar da ke gudu fiye da kima ko take bugawa barkatai tana rikita su, dole mutum ya sa ido.

Mutumin nan kuwa galibi nas ce. Ita ke zaune da majinyaci dare da rana. Za ka ga ta ɗaga bargo ta taɓa bayan ƙafarsa, inda ta riga ta yi 'yar alama da biro a wurin da bugun jini ke jiyuwa, ta gwada ɗumin wannan ƙafa da waccan. Bututu a cikin jijiyar cinya yana iya tare jinin ƙafar, kuma wannan shi ne haɗarin da aka fi tsoro, don in ba a farga ba har yanke ƙafa yana jawowa. Za ta taɓa hannun hagu, ta duba jakar fitsari, ta duba wurin da bututu ya shiga ko jini na tsattsafowa. Za ta bi bututun iskar da ido: in ta ga ɗigon jini ko wani abu kamar garin tsatsa a ciki, balan-balan ya huje, a tsayar da inji a cire shi nan take. Ta kuma san ba a barinsa kwance ba motsi fiye da rabin sa'a, don jini yana daskarewa a jikinsa. Shi ko majinyaci yana kwance rigingine, ba naɗe ƙafa, ba tashi zaune, kan gado ma kaɗan ake ɗagawa. Mai hankalinsa a jikinsa yakan ce: "Sista, bayana ya gaji, ki bar ni in ɗan juya." Ta ce: "Yi haƙuri Baba, bari in kira wani mu juya ka tare, ƙafar nan dai kada ka lanƙwasa ta." Kwana biyu ko uku a haka ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai waɗanda ba a sa wa sam. Wanda bangon awotarsa ya tsage ko ya kumbura, da wanda jijiyoyin ƙafarsa suka riga suka tsuke, da wanda ƙyauren awotarsa ke yoyo. Na ƙarshen nan ya shafe mu, domin ciwon bawul ɗin zuciya, wato ƙyaurenta, da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba yana da yawa a ƙasashenmu. In ƙyauren ba ya rufuwa ruf, duk kumburar da balan-balan zai yi jini zai tura baya cikin zuciyar da ta riga ta cika ta batse.

Shekara arba'in da ɗoriya likitoci suna sa wannan na'ura ga da yawa daga cikin waɗanda zuciyarsu ta durƙushe bayan toshewar jijiya. Ƙa'idojin aiki na Turai da Amurka sun sa ta a sahun farko. Hujjar a fili take, ana ganinta a allo: da an kunna inji layin ƙarfin jini ya yi tozo na biyu, wani lokaci fitsari ya dawo, ƙafa ta yi ɗumi. Wa zai ga haka ya yi shakka? Wani likita a birnin Leipzig na Jamus, Holger Thiele, shi da abokan aikinsa suka ce a gwada. Suka ɗauki majinyata 600, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi da balan-balan, rabi babu, kowa kuma ana ƙoƙarin buɗe masa jijiyar da ta toshe. Binciken, mai suna IABP-SHOCK II, ya fito a 2012. Bayan kwana 30, kashi 39.7 cikin 100 na masu balan-balan sun rasu, na ɗaya ɓangaren kashi 41.3. Wannan ɗan bambanci bai wuce abin da dace kawai ke iya kawowa ba. Aka bi su shekara ɗaya, aka bi su shekara shida, labarin bai sake ba. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce a daina sa shi ga kowa da kowa a wannan hali.

Na daɗe ina juya wannan sakamako, kuma na yarda da shi. Lugude sai da mutum biyu. Balan-balan ba ya tura jini da kansa, abin da zuciya ta fitar yake sarrafawa, in babban yanki na naman ya mutu to taɓarya ɗaya ce ta rage a turmi. Rabin lita ba ya cike giɓin wanda ya rasa lita biyu ko uku. Kuma ƙarin matsin da yake yi ba ya ratsa jijiyar da ta toshe ya kai ga naman da ke bayanta. Abin da ke ceton irin wannan majinyaci shi ne a buɗe jijiyar da sauri. An san haka tun 1999, daga binciken da wata likita, Judith Hochman, ta jagoranta a kan mutum 302, inda mace-mace bayan wata shida ya tsaya kusan kashi 50 ga waɗanda aka buɗe wa da wuri, kashi 63 ga sauran. Gyaruwar lambobi a allo daban, komawar mutum gida wajen iyalinsa daban, kuma sai da aka ƙirga gawa da masu rai kafin a gane.

An samu na'urori masu ƙarfi fiye da shi. Akwai Impella, ɗan famfo mai juyawa da ake zurawa har cikin zuciya yana ɗebo jini da kansa lita uku zuwa sama a minti. A 2024 wani bincike da aka faro a Denmak ya nuna ya rage mace-mace bayan wata shida daga kusan kashi 58 zuwa 46 a zaɓaɓɓun majinyata, amma da ƙarin zubar jini da ƙarin masu buƙatar wankin ƙoda, ga kuma tsada mai yawa.

Duk da haka balan-balan bai tafi ba, bai kuma kamata ya tafi ba. Inda matsalar ta yoyo ce, yana da rana. Wani lokaci toshewar jijiya takan huda bangon da ya raba ɗakunan zuciya, ko ta tsinke igiyar da ke riƙe bawul ɗin hagu, jini ya riƙa bin ɓarauniyar hanya. Rage matsin awota yana sa jinin ya fi son bin hanyar gaskiya, ya riƙe mutum har a kai shi tiyata. Likitocin tiyata suna jawo shi idan an gama tiyata amma zuciya ta ƙi karɓar aiki daga injin da ya riƙe ta. A Amurka, tun da aka sauya tsarin rabon zuciyar dashe a watan Oktoban 2018, amfani da shi ga masu jiran dashe ya ƙaru ƙwarai, har ana sa shi ta jijiyar kusa da hammata don mutum ya iya tashi ya taka. Akwai kuma zuciyar da rauninta na wucewa ne, kamar wadda ƙwayar cuta ta kumbura, ko ta mai jego. Ciwon zuciyar masu jego ba baƙo ba ne a wurinmu, binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya gano shi a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, abin da ya sa arewacin Najeriya cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mafi yawansu magani suke buƙata da kulawa da ganowa da wuri, amma ga 'yan kaɗan da suka durƙushe, a asibitin da ke da na'urar, an sha riƙe su da ita har zuciyar ta dawo hayyacinta ko a samu wata mafita.

Cire shi ma a hankali ake yi. A mayar da injin ya taimaka a bugu ɗaya cikin biyu, a jira a ga ƙarfin jini da fitsari da numfashi. In sun tsaya, a koma ɗaya cikin uku. In zuciya ta riƙe turmin ita kaɗai, a zuƙe iskar a zare bututun, a bar jini ya ɗan yi tsartuwa don ya wanko gudajin da ya maƙale, sannan mutum ya danne wurin da hannu wajen rabin sa'a.

Mai karatu, in wata rana aka kira ka gefe a asibiti, a gida ko a waje, aka ce za a sa wa naka wannan balan-balan, kada ka tsaya a tambayar ko zai warkar da shi, don ba ya warkarwa. Ka tambayi likita me ake jira da shi: buɗe jijiya ne, tiyata ce, dashe ne, ko farfaɗowar zuciyar da kanta, kuma nan da kwana nawa. Ka kuma roƙi nas ta nuna maka alamar da ta yi a bayan ƙafarsa, in ka ji ƙafar ta yi sanyi ka kira ta nan take.